Ku Tambayi Baba: Wane Gefen Ruwa Yake a Abijan?

Saƙonnin wannan wata sun taru kan gari ɗaya. Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, samarin Adar sun fara haɗa jaka, shi ya sa tambayoyin Abijan suka fi na ko'ina yawa. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya. Masu tambayar kuɗin kar da takardun iyaka ku yi mini haƙuri, wannan abu ne mai sauyawa kafin mujalla ta fito. Ku taka zuwa tasha ku ji daga bakin masu tikiti.

Daga wata uwa, Buza: Baba, ɗana ya tafi biɗa bara, ya ce mini Abijan za shi. Shekaranjiya ya kira ƙanwarsa ya ce yana Kumasi. Ashe Gana ya koma bai faɗa mini ba? Akwai mai tafiya Abijan sati mai zuwa, na so in ba shi kilishi da cuku ya kai masa, yanzu na rasa yadda zan yi.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A duba miki lambar da ya kira da ita. In ta fara da 225, yaronki yana Kodebuwa. In 233 ce, to lalle Gana ya tsallaka. Ni dai na fi zaton yana inda ya ce miki tun farko, don a cikin Abijan akwai wani yanki da ake rubutawa Koumassi, a baki kuwa ba ki raba shi da Kumasin Asante inda kakanninmu suke zuwa fataucin goro. Ƙaramar hukuma ce guda mai magajin garinta, mutanenta sun haura 400,000 a ƙidayar 2021. Ta fi birnin Tawa jama'a nesa ba kusa ba.

Bari in zana miki garin, don duk sauran amsoshin yau a kan wannan zane suke tsaye. Teku yana kudu. Tsakanin teku da tudu akwai wani dogon ruwa kwance, ba ya gudu irin na kogi, tsawonsa ya wuce kilomita 100. Shi ne lagin Ebrié. Ruwan nan ya kutsa cikin garin ya yi rassa, ya yanka shi gida-gida. Arewa da shi akwai ƙananan hukumomi 6: Plateau, Adjamé, Attécoubé, Cocody, Yopougon da Abobo. Kudu akwai 4. Uku daga cikinsu tsibiri ɗaya suka raba, wanda ake kira Petit-Bassam: Treichville daga yamma, Marcory a tsakiya, Koumassi daga gabas. Ta huɗun ita ce Port-Bouët, ziririn rairayi ne tsakanin lagin da teku, can ne filin jirgin sama yake, da matatar mai, da babbar mahauta.

Arewa tudu ne mai hawa da gangara da kwazazzabai. Kudu kuwa shimfiɗe take, ruwa yana nan kusa ƙarƙashin ƙafa. Wani sashe na Koumassi ma fadama ce aka cike da ƙasa aka yi gini a kai, unguwar Remblais ke nan. Saboda haka in ya kira ki a watan Yuni ya ce ruwa ya shigo tsakar gida, ba ƙari ya yi ba. Ruwan da ke sauka a Abijan cikin wannan wata kaɗai yakan fi wanda Tawa ke samu shekara guda cur. Ki riƙa tambayarsa ko yana kwana cikin gidan sauro, wannan ya fi kilishin muhimmanci, ko da yake kada a fasa kilishin.

Kudun nan shi ne tsohon masaukin mutanenmu. Tun shekarun 1950 ƴan Nijar ke dako a tashar jiragen ruwa suna kwana a Treichville. Marigayi Umaru Ganda ma, kafin ya zama mai shirya fim, dakon ya yi a can. Yanzu haya ta yi tsada a tsibirin, sababbin zuwa sun fi gangarawa Abobo da Yopougon. Yaron da ya samu ɗaki a Koumassi, to akwai wani babba da ya riƙe hannunsa. Wannan abin farin ciki ne gare ki.

Maganar saƙo kuma, kada ki ce wa mai tafiya "kai wa ɗana a Abijan" kawai, daidai yake da ki ce ya kai masa a Nijar. A karɓo abu huɗu: ƙaramar hukuma, unguwa, alama, da lambar waya. Mutanen can ba da sunan titi suke kwatance ba. Da sunan kantin magani suke yi, ko mararraba, ko masallaci. Ya fi sauƙi ma yaron ya zo da kansa tashar da kar ke sauke mutane ya karɓa.

Daga wani saurayi, Tawa: Baba, kawuna ya samo mini aikin loda kaya a wani sito a Vridi. Ɗan baffana yana Gesco, ya ce in zo mu zauna ɗaki ɗaya ba sai na biya ko dala ba. Wani abokina kuma ya ce akwai ɗaki mai sauƙi a Port-Bouët II, tunda Vridi cikin Port-Bouët take sai in riƙa tafiya a ƙasa. Wanne zan ɗauka?

Ɗana, abokin nan naka ko dai bai taɓa zuwa ba, ko kuwa yana neman wanda za su raba haya. Port-Bouët II ba ta cikin Port-Bouët. Unguwa ce a Yopougon, a wancan gefen ruwa. In ka ce za ka taka daga can zuwa Vridi, sai dai ka iske an tashi aiki. Irin wannan tarko yana da yawa a garin. Abobo-Doumé ba ta Abobo, a bakin ruwa take cikin Attécoubé. Deux-Plateaux ba ta Plateau, Cocody take. Kafin ka ba kowa kuɗin ɗaki, ka tambaya wace meri ce, wato ƙaramar hukuma, ke da unguwar.

Mu koma kan Gesco, wadda take cikin Yopougon. Ita ce ƙofar Abijan ga mai fitowa daga arewa. Kar ɗinka zai biyo ta Ferkessédougou, Bouaké, Yamoussoukro, ya faɗo babbar hanyar arewa, farkon gidajen da za ka gani a cunkushe kan tudu Gesco ce. Vridi kuwa tana can ƙarshen kudu, bakin mashigar da jiragen ruwa ke bi. Wato gari guda cur ne tsakaninku. Da asuba za ka kama gbaka, ƙananan motocin haya masu yaron mota rataye a ƙofa yana kiran "Adjamé, Adjamé". Hanyar ta bi gefen dajin Banco, kurmi ne na gaske mai faɗin kadada sama da 3,000 a tsakiyar birni, an killace shi tun 1953. A Adjamé ka sauka, don gbaka ba ta shiga Plateau. Ka nemi bas ɗin SOTRA, kamfanin bas na birnin, ko wata motar, ku ratsa Plateau, ku hau gada, ku sauka Treichville, sannan ku miƙe Vridi. Da yamma ka sake kwaso wannan duka a juye, lokacin da kowa ma gida ya nufa.

Gadojin su ne maƙogwaron garin. Shekaru da yawa biyu ne kawai ke haɗa arewa da kudu, dukansu daga Plateau zuwa Treichville: ta Houphouët-Boigny da aka buɗe a 1957, da ta De Gaulle a 1967. Daga nan ba a sake ƙara wata ba sai Disamban 2014, da aka buɗe gadar Henri Konan Bédié tsakanin Riviera da Marcory, ita kuwa ta biya ce, ƙaramar mota dala ɗari aka sa mata da aka buɗe. A 2023 aka ƙara wadda ta haɗa Cocody da Plateau, a farkon 2024 kuma, gab da gasar ƙwallon Afirka, aka buɗe wadda ta tsallako daga Yopougon ta kan ruwan Banco zuwa wajen Adjamé. Ta rage wa mutanen Yopougon wahala ƙwarai. Amma ka lura, waɗannan biyun na baya arewa da arewa suka haɗa. Mai zuwa kudu har yanzu gadoji uku gare shi, kuma duk manyan motocin tashar jiragen ruwa suna neman hanya tare da shi.

Akwai dabara ɗaya da baƙo ba ya saurin ganewa, ita ce jirgin ruwa. Daga Abobo-Doumé ana shiga bas na ruwa a tsallaka Plateau ko Treichville, babu cunkoso, ga iska. Mutumin Adar yakan yi ɗar-ɗar ranar farko, ya riƙe kujera da hannu biyu yana salati, bayan sati ɗaya ka gan shi yana gyangyaɗi a ciki. Sai kuma woro-woro, tasi ne na haɗaka da ba ya fita ƙaramar hukumarsa, kowace da launinta: na Yopougon shuɗi, na Cocody rawaya. Tasi mai mita, mai launin jan lemo, shi ke zuwa ko'ina, amma ba na ɗan loda kaya ba ne.

Ga shawarata. Ka sauka wurin ɗan baffanka, haka zumunci ya ce, kuma kana bukatar wanda zai nuna maka gari. Ka yi sati biyu kana lissafa abin da mota ke ci maka kullum da lokacin da kake tashi. Ina tabbatar maka ɗakin kyautar nan zai fito maka da tsada. Daga nan ka roƙi kawunka ya haɗa ka da ƴan garinmu da ke kudu, a Vridi ɗin kanta, ko Koumassi, ko Gonzagueville da Adjouffou ta bayan filin jirgi, ku haɗa kuɗi ku kama ɗaki. Ka bar ɗan baffanka da ziyarar Lahadi. A Adjamé kuwa wayarka ta zauna aljihun gaba, kuma in ƴan tashan nan da ake kira nyamboro suka tare motar da kake ciki, maganar tsakaninsu da direba ce, kada ka sa baki.

Daga wata ɗaliba, jami'ar Tawa: Baba, ina haɗa aiki kan biranen bakin teku. Wani wuri na ga an ce mutanen Abijan miliyan 5.6 ne, wani wuri miliyan 6.3, duka kuma ƙidayar 2021 suka ambata. Wanne ne daidai? Sannan Grand-Bassam cikin Abijan take?

Ɗiyata, duka biyun daidai ne, abin da aka ƙirga ne ya bambanta. Ke da kike Tawa ba za ki sha wuyar ganewa ba: akwai birnin Tawa, akwai gundumar Tawa, akwai jihar Tawa da ta kwaso har Konni da Madawa da Abalak. Suna ɗaya, iyaka uku. Abijan ma hawa biyu ce. Birnin shi ne ƙananan hukumomin nan 10 da na lissafa wa Hajiyar Buza, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 422, mutanensa kimanin miliyan 5.6. Sai babbar gundumar Abijan mai cin gashin kanta, wadda ta haɗa birnin da yankuna 4 na kewaye, Anyama, Bingerville, Songon da Brofodoumé. Faɗinta murabba'in kilomita 2,119, mutanenta miliyan 6.3. Ki duba da kyau: birnin kashi ɗaya ne cikin biyar na ƙasar gundumar, amma kusan mutum tara cikin goma a cikinsa suke. In kika ji ana cewa ƙananan hukumomi 13, an ƙara Anyama da Bingerville da Songon ne a kan goman.

Abin da ya kamata ki ja wa layi a aikinki shi ne birnin ba shi da magajin gari ɗaya. An soke wannan kujera a 2001 da aka kafa gundumar. Kowace ƙaramar hukuma jama'a ke zaɓar magajin garinta, gwamnan gunduma kuwa shugaban ƙasa ke naɗa shi. Robert Beugré Mambé ya riƙe muƙamin daga 2011 har ya zama firaminista a 2023, sai aka naɗa Ibrahim Cissé Bacongo, wanda ya yi magajin garin Koumassi. Wannan tsari yana da tasiri ga talaka, don yakan faru meri ta karɓi kuɗin rumfarka ta ba ka rasit, gunduma kuma ta aiko motar rusau.

Goman nan ma ba kai ɗaya suke ba. Yopougon kaɗai ta haura miliyan 1.5, wato ta fi abin da aka ƙirga a Yamai gaba ɗaya a 2012. Abobo miliyan 1.3. Plateau kuwa, mai dogayen benaye da bankuna da ma'aikatu da fadar shugaban ƙasa, masu kwana cikinta ba su kai 10,000 ba. Da rana ba wurin sa ƙafa, da dare sai masu gadi, kuma cikin masu gadin ba ki rasa mai jin Hausa. Cocody ta manya ce, can jami'ar Félix Houphouët-Boigny take da gidajen jakadu. Adjamé kasuwa ce da tasha. Attécoubé ruwan Banco ya raba ta biyu, talakawa ne a manne jikin gangara.

Grand-Bassam ba ta ciki. Tana gabas da nisan kilomita 40, cikin jihar Sud-Comoé, ko da yake gine-gine sun kusa haɗe ta da Port-Bouët, kuma da yawa a can suke kwana su yi aiki a Abijan. Ita ce hedikwatar farko ta Turawan Faransa daga 1893. Annobar shawara ta 1899 ta kore su, suka koma tudun Bingerville a 1900, sannan Abijan a 1934. Abin da ya ɗaga Abijan sama da su duka shi ne mashigar Vridi da aka haƙa ta cikin rairayi aka gama a 1950. Kafin nan jirgi a teku yake tsayawa ana jidar kaya da wahala cikin igiyar ruwa. Da aka fasa rairayin, manyan jirage suka shigo cikin lagin inda ruwa yake kwance, aka buɗe tashar a 1951, aikin dako ya buɗe, iyayenmu suka ji labari. Kuma kada malaminki ya kama ki da wannan: tun 1983 Yamoussoukro ce babban birnin ƙasar a takarda, amma ofisoshin jakadanci, har da namu, suna Abijan.

Daga wani Alhaji mai fataucin albasa, Galmi: Malam, na daɗe ina kai albasa Abijan, na gaji da haya. An yi mini tallan fili a Songon, rabin kuɗin na Bingerville, da takardar sarkin ƙauye. Wani kuma ya ce in sayi gida ginanne a Attécoubé kusa da kasuwa. Me ka gani?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kai da ka san yadda albasar da ta sha ruwa take kyau a ido ranar lodi, ba sai na ce maka araha ba ta ado ba.

Fara da sanin masu ƙasa. Abijan a kan ƙauyukan ƙabilar Ebrié aka gina ta, su suna kiran kansu Atchan, kuma ƙauyukan suna nan da sarakunansu a tsakiyar birni: Blockhauss da Anono a Cocody, Anoumabo a Marcory, Locodjro da Abobo-Doumé a Attécoubé. Songon ma ƙasarsu ce. Ta wajen Anyama kuma ƴan Attié ne. Filayen da ake yankawa a bayan gari daga hannun dangogin waɗannan ƙauyuka suke fitowa, kuma a nan rigimar take. Sarautar Ebrié tana zagayawa ne tsakanin tsararraki; in sababbi suka hau, yakan faru su ce ba su san abin da na da suka sa wa hannu ba. Fili ɗaya sai ka iske mutum uku kowa da takardarsa mai hatimi. Takardar ƙauye ba ta mallaka maka fili. Wadda hukuma ta sani ita ce ACD, takardar gwamnati mai tabbatar maka da mallakar fili, kuma a cikin gundumar Abijan ministan gine-gine ne ke sa mata hannu. Kafin ka fitar da ko jika ɗaya, ka sa a bincika maka a ma'aikatar ko gwamnati ta amince da yankan filayen wurin, kuma kuɗi ya bi ta hannun notaire, wato masanin shari'a mai rubuta takardun ciniki a hukumance, ba ta hannun dillali a gindin bishiya ba. Akwai kuma dokar 1998 kan ƙasar karkara, wadda ta ce ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya mallakarta. Songon da Brofodoumé suna da gonaki da yawa, don haka ka tabbata abin da ake nuna maka filin gari ne, ba gona ba.

Sai maganar wuri. Songon tana yamma, kan hanyar Dabou, bayan ka wuce Yopougon gaba ɗaya. Arahar tata nisa ne. Bingerville tana gabas, manne da Cocody, ma'aikata masu albashi suka cika ta, su suka tsadar da ita. In da ni ne mai albasa, Anyama zan duba. Tana arewa, bayan Abobo, ta gefen da kayanka ke shigowa. Garin goro ne tun da daɗewa, cike da Julawa da sauran ƴan arewa, masallatai ko'ina, ba za ka zama baƙon ido ba. Babban filin ƙwallo na Ebimpé mai ɗaukar mutum 60,000, inda Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na Fabrairun 2024, a yankinta yake, ya jawo mata tituna. Layin jirgin cikin gari da ake ginawa ma daga Anyama zai tashi ya ratsa Abobo, Adjamé, Plateau, Treichville har filin jirgin sama. Wannan duka ya sa filin can ma ya fara tashi, ba na ce maka za ka same shi a banza ba.

Gidan Attécoubé kuwa, je ka gan shi da idonka, kuma ka ɗaga kai ka ga abin da ke samansa. In a jikin gangara yake ko a gindin kwari, bar shi ko kyauta ne. Ƙasar wurin in ta sha ruwa zamewa take, kusan kowace damina sai an yi jana'iza a unguwanni irin su Mossikro. Ruwan ba talaka kaɗai yake ci ba, ambaliyar Yunin 2018 ta kashe mutum kusan 20, kuma Riviera ta masu kuɗi tana cikin inda ta fi ɓarna. Da wannan hujja ta haɗari gunduma ta yi rusau mai yawa a 2024: Gesco, Boribana a Attécoubé, da unguwar da ke jikin mahautar Port-Bouët, inda masu harkar dabbobi daga ƙasashenmu suke da yawa. Ni ban ga laifin raba mutane da bakin kwari ba, amma yadda aka yi shi, ana tsakiyar shekarar karatu, mutane na kwana kan tarkacen gidajensu, bai yi mini daɗi ba. Abin da ya shafe ka dai shi ne, motar rusau ba ta karanta takardar sarkin ƙauye.

Daga wata amarya, Keita: Baba, maigidana shekararsa uku a Abobo yana sayar da garba, amma ya ce bai taɓa ganin teku ba. Anya ba wasa yake mini ba?

Ɗiyata, gaskiya ya faɗa miki. Abobo tana can ƙuryar arewa kan tudu, ko lagin ba ta taɓawa. Mai garba kuwa tun da duhu yake tashi ya tari acaken rogo da kifin tuna, ya soya, ya sallami ƴan makaranta da leburori, ba shi da Lahadi. Kafin ya ga teku sai ya ratsa Adjamé, ya haye gada, ya wuce tsibirin gaba ɗaya ya kai Port-Bouët. Akwai waɗanda aka haifa a Abobo ma da ba su taɓa zuwa ba. In ya je, ki ce na ce ya tsaya daga rairayi ya ɗauko miki hoto. Tekun wurin yana da igiya mai ja ta ƙasa, masunta ma da dabara suke shigarsa, balle wanda iyakar iyonsa tabkin damina.

Daga wani dattijo, Illela: Malam, muna yara muna jin ana cewa akwai jirgin ƙasa na Abijan zuwa Nijar. Ina ya tsaya?

Yaya, sunan ne ya iso, ƙarfen bai iso ba. Turawa sun fara shimfiɗa layin daga Abijan a 1904, suka kira hukumarsa Abidjan-Niger, don niyyarsu ya kai bakin kogi. Ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, ya isa Wagadugu a 1954, daga baya mutanen Burkina suka ja shi zuwa Kaya, nan ya tsaya. A cikin Abijan ya ratsa Treichville, ya bi ta gadar Houphouët-Boigny wadda take hawa biyu, motoci a sama jirgi a ƙasa, ya haura Adjamé da Abobo da Anyama. Unguwar Abobo-Gare daga tasharsa ta samo asali. Namu guntun da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso wajen 2014 zuwa 2016 bai haɗu da kowane layi ba. Albasar Galmi da ragunan layya har yau a bayan babbar mota suke zuwa.